Ruwan Alwalar Gwaggo

Jiya ina kwashe kaya a ɗakin marigayiya Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a Ƙofar Sauri, sai na ci karo da kwalbar da take ajiye irin kuɓewa cikin toka. Ina buɗewa, ƙamshin tokar ya zaunar da ni.

Na ga lambuna a Alƙahira da Kumasi, amma ban ga inda ake tattalin ruwa kamar tsakar gidanta ba. Ba ta alwala sai a gindin shuka. Da damina rama da kuɓewa, da sanyi tumatir, da bazara kuwa, idan rijiya ta ja baya, zogale da lemun tsami ke rayuwa da ɗigon hannunta.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na dawo gida, kowa na gyaran gidansa. Tana Batagarawa wajen suna na sa aka sare komai, aka shafe tsakar gidan da siminti, wai in hutar da ita daga taɓo. Da ta dawo, ta tsaya da butarta ta daɗe tana kallo.

"Sannu da ƙoƙari, ɗan nan, Allah shi yi albarka. To, ruwan alwalata ina za shi tahi?"

Dariya na yi. Ba ta sake maganar ba. A bakin kwata ta riƙa alwala, siminti na huci, har ta rasu.

Yau da safe na fasa simintin na zuba irin. Ban sani ba ko zai tsiro. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya ba ta inuwar da ta fi wadda na raba ta da ita.