Ranar da aka goge gaisuwar ƙanwata

Shekarun baya, lokacin ina goyon ɗiyata ta fari, akwai fargabar da nake kwana da ita nake tashi da ita, kuma ba ta goyon ba ce, ta ƙanwata ce. Ni lakol ɗina bai yi nisa ba, a firamare na tsaya. Ita kuwa Allah ya ba ta kai. Da ta samu jami'a a Maradi za ta karanci ilimin kwamfuta, Baba ya ƙi. Ni ce na yi ta zarya daga Gazawa inda nake aure zuwa gida Sae Sabuwa har ya sauko. Ranar da ya yarda ya ce mini, "To, ke kika tsaya mata. In ta dawo ba ta gama ba, ke zan kalla." Maganar nan ta zauna mini a ƙirji.

Saura mata shekara ɗaya ta gama, ta zo hutun damina wurina. Tun saukarta na ga ba lafiya ba. Kwamfutar da da ko abinci take ci tana kan cinyarta, ba ta fito daga jaka ba. Sai wanke-wanken da ba a sa ta ba. Da na ji tana tambayar maƙwabciyata ko ɗinki yana da wuyar koyo, na san sai na zaunar da ita.

Muna tsinkar zogale da hantsi na ce, "Ke, mi ke damunki?"

Ta ce, "Yaya, ni ba zan koma ba. Ba ni da kan abin nan."

Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta. Ashe akwai babban aikin da ɗalibi ke rubutawa kafin a sallame shi, nata kuma a kan harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su ne. Ta maƙale a wata tambaya. Malaminta ɗalibai sun yi masa yawa, ya ce ta nemi masana a intanet. Ta je wani babban dandali da mutanen duniya ke amsa tambayoyi, ta yi sallama, ta gaishe su, ta tambayi aiki da iyali, ta nemi afuwa a kan ita ƙarama ce, sannan ta yi tambayarta. Wani ya zo ya goge gaisuwar gaba ɗaya. Wasu suka rufe tambayar, suka ce ba nan ne wurinta ba.

"Ko amsa sallamata ba su yi ba, Yaya. Gogewa suka yi kamar na zubar da miya a tabarma."

Na ce ta faɗa mini tambayar da Hausa. Ta harare ni, amma ta faɗa. Wai wasu harsunan, in ka haɗa abubuwan da ba su dace ba, kamar lamba da rubutu, ba za su bari aikin ya fara ba sai ka gyara. Wasu kuma za su ƙyale ka ka yi ta tafiya, sai an zo wurin abin ya watse. Ita so take ta san dalilin da ya sa masu ƙirƙiro su suka rabu haka, da abin da kowane ya samu da wanda ya rasa.

Na ce, "Wato uwar mijina da Inna. Uwar mijina sai ta duba kayan miya ɗaya bayan ɗaya kafin ta bari ki ɗora tukunya. Inna kuwa ba ruwanta, sai an zuba ta ɗanɗana ta ce wa ya yi wannan aika-aika."

Ta yi dariya har zogalen ya zube. Rabona da jin dariyarta tun zuwanta.

Sai na ce ta buɗe dandalin a wayarta ta karanta mini tambayoyin da aka amsa. Ta karanta, tana fassara. Duk iri ɗaya ne: abina ya lalace, ga inda ya tsaya, me zan yi? Na ce, "Ai wannan gidan likita ne."

A nan kam ni gwana ce. Ni ce uwar da ko atishawa yarinya ta yi sai na saɓa ta mun tafi, har masu shara sun san ni. Zuwana na farko na tsaya ina gaishe da ma'aikaciyar, ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, ta katse ni, "Madam, zafin jiki ko gudawa?" Da kuka na dawo gida. Bayan nan muka haɗu da matar a wani suna, ta riƙe hannuna tana gaishe ni har na gaji, ta tambayi ɗiyata da sunanta. Layi ne ya yi mata yawa ran nan. Na ce wa ƙanwata, "Ke hira kika kai musu, su kuwa allura suke yi. Mu nemi inda ake shimfiɗa tabarma."

Ta san wasu wuraren, tana tsoron shiga ne kawai. Na ce ba shiga za mu yi ba tukuna. Lokacin da aka kawo ni Gazawa, Inna ta ce in kame bakina in zuba ido, kar in zaɓi gidan da zan riƙa zuwa hira sai na ga yadda suke yi da baƙo. Haka muka yi. Kullum bayan la'asar mu zauna gindin iccen bedin ƙofar gida, don nan rezon waya ke kamawa, ɗiyata a bayana, ita tana karantawa ni ina leƙe. Turanci ne, ko kalma ba na ji, amma ina ganin hotunan mutane da tsawon maganarsu da wanda aka amsa da wanda aka tsallake.

Wuri na farko saƙonni zuba suke kamar ruwan Agusta, gajeru, da hotunan dariya. Wasu biyu na ta cacar baki a kan harshen wa ya fi. Wani baƙo ya yi tambaya a tsakiyarsu, kafin mu ɗaga ido ta nutse. Na ce wannan tashar mota ce, mu wuce.

Na biyu shi ya haɗa mu rigima. Dogayen rubuce-rubuce ne cike da alamomi kamar hatimi, kuma har da sunayen waɗanda suka rubuta littattafan da take karantawa.

"Yaya, ke ba ki san su ba ne. Manya ne fa!"

"Na yarda manya ne. Nuna mini ƙarami ɗaya da ya yi magana aka amsa masa."

Ta yi ta ja da yatsa, ta ja, ta ja, ba ta samu ko ɗaya ba. Daga baya ta ce za ta riƙa zuwa tana karantawa kawai. Na ce madalla, wa'azi ma ai sauraro ake yi.

Na uku ƙarami ne, har da ɗakin masu koyo a ciki. Kwanaki muna kallonsu. Na lura da hoton wata mai furfura da tabarau, duk baƙon da ya shigo sai na gan ta ƙarƙashinsa. Sai wata rana wani da ya yi dogon rubutu ya dawo ya ƙara ɗan guntun layi. Na ce me ya ce? Ta ce wai ya yi kuskure, wanda ya gyara masa ya fi shi gaskiya. Na ce, "Nan za ki shiga."

Ta rubuta tambayar tsirara, ba gaisuwa. Na ce a'a, ba za ki faɗa wa mutane gida kamar akuya ba, ki bar layi ɗaya. Ta sa cewa tana gaishe su daga Nijar, nan damina ce. Ta tura. Daga nan ni na fi ta damuwa, ina tuƙa tuwo ina tambaya ko an amsa, har ta ce in na sake tambaya za ta jefa wayar a rijiya.

Washegari mai furfurar ta amsa. Ta fara da cewa su ma ruwa ake yi a garinsu. Ta ce wannan tambaya tun kafin a haifi ƙanwata masana ke jayayya a kanta, sannan ta ce, ke a ganinki wanne ya fi, kuma don me? Ƙanwata ta karanta ta sake karantawa, ta tashi ta shiga ɗaki ta zaro kwamfutar daga jaka. Wasu suka shigo, suka nuna mata abin da za ta karanta, wani ya yi mata gardama ta rama. Hutu na ƙarewa na raka ta tasha.

Ranar da ta gabatar da aikinta gaban malamai mun je, ni da Baba da Inna. Faransanci take ta zubawa, ina zaune ina jijjiga yarinya, ba na gane komai. Kwatsam na ji ta ce "marmit", wato tukunya, ɗakin ya kwashe da dariya, babban malamin yana gyaɗa kai. Uwar mijina da Inna ne suka shiga jami'a. Baba ya juyo ya kalle ni, kamar yadda ya yi alkawari, ya daɗe yana kallona, sannan ya gyara hularsa.

Har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi girma. Ban san harshen kwamfuta ko ɗaya ba, kuma har gobe atishawa na kai ni likita. Amma na san yadda ake gane gidan da za a zauna, kuma ashe a intanet ma haka ake ganewa. Ƙanwata tana nan a wannan wuri, yanzu ita ma tana cikin masu tarbar baƙi.

Roƙona gare ku, in ɗanku ko ƙanwarku ta dawo ta ce ba ta da kai, ku zauna ku tambaye ta inda ta kai tambayarta da abin da aka ce mata. In kuma wani ya shigo gurup ɗinku da sallama, don Allah ku amsa masa kafin ku gyara masa.