Maigida a Jamus, tabarmarsa a Kwamba

Shekarar da 'yarmu ta fara tafiya ita ce shekarar da ubanta ya zama mahaƙin kuɗi. Babu diga babu shebur, yatsa ɗaya ne da fuskar waya. Wani abokin aikinsa ne ya koya masa a motar Abuja, wai kana dannawa kwandalar intanet tana taruwa, ranar da ta fashe, wato ta zama kuɗin kashewa, kowa ya yi sallama da gidan haya. Mu namu filin a Garam yake, ba a saya ba tukuna, amma har ya zaɓi inda zai dasa mangwaro.

Da ma da asuba yake fita daga gidanmu na Kwamba, cunkoson Madalla ya riƙe shi sai bayan magariba. Ɗan lokacin nan tsakanin cin tuwo da barcin yarinyar shi ne duk rabonta da ubanta, kuma shi wayar ta cinye. Sai ta rarrafo ta dafa gwiwarsa, ya ce, "Ina zuwa, Mamana," ko ɗago kai bai yi ba. Abin yana ci mini rai.

Da na ji gwamnati ta ce kuɗaɗen nan ba ta san iyayensu ba, ga nairarta ta cikin waya kowa ya rungumi wannan, har hamdala na yi, na ce Allah ya kawo mai raba mu da dannawar nan. Ina! Ya sauke ta gwamnatin ma, ya danna, ya danna, ya ce wannan juya ce, ba ta haihuwa. Mai naman bakin layinmu kuwa, da aka zo biyansa da ita, cewa ya yi a ba shi wadda ke shiga aljihu. Da aka toshe shafukan cinikin kwandalar, sai maigida ya samo dabarar da waya ke ƙaryar tana ƙasar waje. Dokar ba ta ƙare mu da komai ba sai ƙarin kuɗin data.

Na ce, "Maigida, yau a wace ƙasa muke?"

Ya ce, "Jamus."

"To in ka dawo ka biyo ta ɗaki, 'yarka ta fara takawa."

Ya ce, "Haba, ai don ita nake yi." Kuma har zuciyarsa ya faɗa, shi ya fi ƙona ni.

Ranar da kwandalar ta fashe, abin da ya samu ko dashen mangwaron ba zai saya ba. Ya kife wayar a tabarma. Can ya hango yarinyar tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe hannuwa ya ce, "Zo, Mamana."

Ta tako da ƙafafunta, yana kallo baki sake. Ba ta faɗa jikinsa ba. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ɗora ɗan yatsanta a goshinsa ta shiga dannawa, tana dannawa. Sannan da bakin nan nata da bai gama iya magana ba ta ce masa, "Ina zuwa."

Na tanadi baƙar magana ta wata da watanni don wannan ranar. Da na ga idonsa, sai na tashi na kwashe kwanuka.