Na Taka Igiyar Awo

Shekarar da Baba ya rasu, taki ya gagari talaka, birni kuma ya riga ya cinye gonakin maƙwabtanmu. Inda muke tsinkar yakuwa da, an yanka fuloti an jera bulo. Mu biyu Inna ta haifa, duk mata, ga shi tana takaba ba ta fita. A garinmu kuwa, rabon mace a gona da baki kawai nata ne. Namijin dangi ke riƙewa, shi ke magana a kai.

Wata safiya ina tsinkar lalle a shingen gonarmu, sai ga Baffa, ƙanin Baba, da dillalan filaye, suna jan igiyar awo a kan kunyoyinmu.

Na durƙusa. "Baffa, ina kwana. Me ake aunawa?"

"Ke, wuce gida. Maganar maza ce."

Wani dillali ya yi dariya. "Alhaji, ita ce 'yar bokon? Hajiya ƙarama, ko lauya kika karanta?"

A sakandare wata malamarmu ta taɓa ba mu labarin matan da suka yi rubutu tun kafin a haifi kakanninmu, suna jayayya cewa mace mutum ce mai hankalin kanta, ba kayan ajiyar wani ba. Lokacin hamma na yi ta yi. Na ɗauka tsohon zance ne na wata ƙasa. Ashe yana nan yana jirana a gonar gero.

Na miƙe na taka igiyar.

"Baffa, naka rabon yana nan, ka sayar in ka so. Namu Allah ya ba mu, kuma ba a tambaye mu ba."

Ya ɗaga sanda. Na rufe ido. A ƙasa ta sauka, dab da yatsuna. Dillalin ya naɗe igiyarsa yana cewa filin rigima ba ya sayuwa.

Har yau abinci ba ya shiga mini sosai, Baffa kuma ba ya amsa gaisuwata. Liman ya sa ranar rabon gado, ya aiko a ce mu nemi wakili cikin maza. Inna ta dube ni daga kan tabarmarta. Na ce a gaya wa Malam mun gode, amma da kaina zan zo.