Firigona da Keken Batir

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da ƙanƙara da lemun zoɓo a gidanmu na Gazawa. Firigo ɗaya gare ni, tsoho, sai an aza dutse murfinsa ke rufuwa da kyau, amma da shi na tufatar da 'ya'yana, da shi na sa su lakol, wato makarantar boko.

Maigidana ɗan kabu-kabu ne. Shekarar da isansi, wato man fetur, ya yi tsada, ya je Maradi ya ga adaidaita mai batir, wadda ba ta shan mai sam. Ya dawo ba shi da zance sai nata. Ya sayar da babur ɗinsa da bijimin da muka yi shekara biyu muna kiwo, ya kawo ta gida, shuɗiya, tana tafiya shiru kamar ana turo ta. Tare da ita aka ba shi caja, wani baƙin akwati mai nauyi, mai ƙaramar fanka a ciki. Ya kafa masa katako a bangon rumfa, ya ce kada kowa ya taɓa.

Ranar farko muka gane matsalar. Layin wutar gidanmu ƙarami ne. Da ya jona cajar firigo na aiki, sai wutar gidan duka ta yanke. Mai gyaran wuta ya zo ya duba, ya ce ko dai a ƙara ƙarfin layin, abin da ba mu da halinsa a lokacin, ko a riƙa jona ɗaya a cire ɗaya. Ga shi bazara ce, wutar ba ta zama. Wata rana awa uku za a kawo ta, wata rana sai dai mu ji labari.

"Uwar yara, ki yi haƙuri ki bar mini yau," in ji maigidana. "Gobe kasuwar Cadawa."

Na bar mishi. Washegari ma na bari. Ƙanƙarata ta riƙa narkewa a leda, zoɓo ya yi tsami na zubar. Masu sayena suka koma wani gida, ban ga laifinsu ba.

Ba zan ɓoye ba, watannin farko keken ya kawo alheri. Mata suna son shi don ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, har nama muka riƙa ci ranar Juma'a. Sai wata rana da hantsi aka maido wuta da ƙarfi. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ƙaurin roba. Kafin in kai rumfa cajar ta ƙone.

A Gazawa ba mai gyara ta, a Agiye ma babu. A Maradi aka ce sabuwa sai an aiko daga Kano. Keken ya yi kwana ashirin a tsaye, maigidana na zaune kusa da shi, kullum yana goge shi da tsumma. Ni na ce a sayar da firigon a sayo sabuwar caja.

"Ban roƙe ki ba," ya ce.

"Na sani, Malam. Amma me nake sawa a cikinsa yanzu?"

Wata maƙwabciya ta saya. Da aka ɗauke shi, wurin da ya zauna ya bar tabo a siminti.

Cajar da aka kawo ba irin ta farko ba ce. Tana zafi har ba a iya dafa ta da hannu, batirin kuma ya fara rage ƙarfi. Da can yana zuwa Agiye ya dawo da caji ɗaya, daga baya sai ya roƙi wani mai shago a can ya jona, yana biya.

Ranar da abin ya ƙare, wani dattijon Bafulatani ya tsayar da shi a bakin hanya, matarsa ba lafiya, za su likita a Agiye. Maigidana ya san batirin ya yi ƙasa, amma ya kasa cewa a'a. Bayan sun yi nisa keken ya tsaya, da tsakar rana, ba ko inuwa. Ya gaya mini dattijon bai yi faɗa ba, ya dai tuɓe rawaninsa ya yi wa matar laima, yana cewa, "Ba komai, ɗana, Allah ya kawo wata motar." Sun fi awa ɗaya kafin wata mota ta ɗauke su. Ba mu taɓa jin yadda matar ta ƙare ba, kuma har yau yana tambayar Fulanin da ke zuwa kasuwa.

Amalanken shanu ya jawo keken zuwa gida. Makanike ya buɗe ƙarƙashin kujera, ya nuna mana batiran sun kumbura. Kuɗin sababbi ya kusa na babur.

Yanzu maigidana lodi yake yi a tasha, yana kira wa motocin wasu fasinja. Ni kuma ina tuyar ƙosai da safe a ƙofar gida, hayaƙin ya fara taɓa mini ido. Wani mai sayen ƙarafa ya zo sau biyu yana taya keken. Duk zuwan da ya yi, maigidana cewa yake a bari sai bayan kaka.