Tsagar da Baba Faci Ya Rufe

Shekara talatin da ɗaya Baba Faci ya yi a ofishin kashe gobara na unguwarsu. A takarda direba ne, shi ke jan jar motar nan da sai ta yi tari sau uku take tashi. Amma ba a tuƙi ya samo sunansa ba. Rufi ya yi yoyo, ya liƙe da kwalta. Mesa ta fashe, ya ɗaure da roba. Bango ya tsage, ya kwaɓa siminti ya shafe. Abokan aiki kan ce ko inuwarsa ce ta yage zai yi mata faci.

Mutum ne mai gudun abin kunya. Bakinsa ba ya rabo da "Allah ya rufa asiri", kuma shi bai taɓa zama yana jira ba, da cokalin gini yake rufawa.

Ginin kuwa ya girme shi. Mafi muni shi ne ɗakin waya, inda rufin kankare ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Baba ya tokare shi da tsohon bututun ƙarfe, ya shafa wa bututun jan fenti har ka ce da shi aka yi ginin. A ƙarƙashin wannan rufi 'yarsa ta fari ke zama, ita ce mai amsa kiran gobara. Kullum da safe sai ya ɗaga kai ya dubi sama kafin ya amsa gaisuwarta. Saura wata biyu ya yi ritaya, kuma tsoro ya hana shi sakat, don duk gidan shi kaɗai ya san inda kowace tsaga take.

Ana haka takarda ta zo. Gwamnati za ta gina sabon ofishi guda ɗaya, ofisoshi huɗu ke nema, za a turo injiniya ta duba wanda ya fi lalacewa, shi za a ba. Duk bayanin nan, abin da ya shiga kunnen Baba shi ne baƙuwa za ta zo. Kwana uku yana shafe yana fenti. Ogan ofishin ma ya zuga shi: "Yauwa Baba, kada a ce ba ma kula da kayan gwamnati."

Injiniya ta zo da hantsi, ta zaga, ta ɗauki hotuna da wayarta. "Kai, sannunku da ƙoƙari!" in ji ta. "Sauran ukun duk kangaye ne. Naku kam zai ƙara shekara ashirin."

Baba ya washe baki, har da sunkuyar da kai. Sai da ta nufi motarta 'yarsa ta matso kusa da shi, ta ce a hankali: "Baba, ka rufa mana asiri har ka rufe mu da ranmu."

Tsohon da gwiwa ke damu ya kwasa da gudu, ya tsaya a gaban motar, ya ɗaga hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, minti biyar, don girman Allah."

"Baba, ai na gama. Hotunan ma na tura."

"Ƙarya kika ɗauka, 'yata. Ni na yi ta da hannuna."

Ta sauko, ba don tana so ba. Ya ɗauko guduma, ya taka kujera a ɗakin waya, ya doki shafen da ko bushewa bai gama yi ba. Ɓawon siminti ya zubo. Tsagar ta bayyana, baƙa, mai shan yatsu huɗu, ƙarafan ciki duk tsatsa ta cinye. Yashi ya dinga tsiyaya a kan teburin 'yarsa.

Bai tsaya nan ba. Ya ja injiniya bango bango yana fasa aikinsa. "Wannan shekara tara. Wannan tun yarinyar nan tana goye. Nan jarida na cusa kafin in shafe." Hawaye na bin furfurar gemunsa, bai ko share ba. Oga ya rasa inda zai sa idonsa.

"Me ya sa kuka ɓoye?" in ji injiniya.

"Kunya, ranki ya daɗe."

Ta sake ɗaukar hotuna. Ta ce za ta sake rubutawa, amma hukunci ba a hannunta yake ba, kuma ba lalle a saurari rahoto na biyu ba. "Kafin nan, kada kowa ya ƙara zama a ɗakin nan."

Duk suka fito tsakar gida suka yi cirko-cirko. Ba wanda ya gaya wa injiniya cewa layin wayar gobara a jikin bangon ɗakin nan yake, kuma shekara biyar ke nan suna roƙon a matsar da shi.

Sai wayar ta yi ƙara.

'Yar ta dubi mahaifinta. Wani wuri gidan wani na ci da wuta. Ta dafe kai da hannu ɗaya ta shige ciki. Baba Faci ya yar da guduma ya bi bayanta, ya rungume bututun nan mai jan fenti da hannu biyu, idonsa a sama, yana jin ta tana cewa: "Ofishin kashe gobara ne. A ina ne? Kwantar da hankalinka, ga mu nan zuwa."