Ranar da Sokhom Ta Gasa Ɗanyun Tukwane

Shekara arba'in Sokhom ta yi tana zagaya kututturen giginya a ƙarƙashin gidanta mai dogayen ƙafafu, yumɓu a kan kututturen, tana bugunsa da 'yar faffaɗar itace har ya zama tukunya. Mijinta Sarun kan ce da tafiyar nan miƙe take, da tuni ta wuce birnin Phnom Penh. A duk lardin Kampong Chhnang an san ta da abu guda: in ta manna tukunya a kuncinta, sanyin yumɓun zai gaya mata ko ta bushe.

Abin da ta ɓoye shi ne, tun ciwon da ya kwantar da ita bara, fuskarta ba ta rarrabe sanyi da zafi.

Bana kogin Tonle Sap, mai juyowa baya da ambaliya duk damina, ya juyo da wuri. Da safe ruwa na gindin mangwaro, kafin hantsi ya taɓa shinge, ga tukwanen aikin wata uku jere a ƙasa. In ba a gasa ba ruwa ya narkar da su, in an gasa da danshi wuta ta fasa.

"Inna, a jera ko a kwashe sama?" in ji 'yarta Phalla, rungume da karan shinkafa. "Ni dai gindinsu bai yi mini ba."

Sokhom ta manna tukunya a kunci. Ba ta ji komai ba. Tsoro ya kama ta, amma girman kai rawanin tsiya ne, ba ya sauka a gaban 'yar cikinka.

"Yaushe kika zama maginiya? Jera."

Aka jera a kan itace, aka lulluɓe da kara, aka kunna. Ba a jima ba ta farko ta fashe, wata ta bi. Sarun ya sunkuyar da kai.

Phalla ta juyo za ta yi magana, sai ta ga tartsatsi ya sauka a kuncin uwarta yana cin fata, ita kuwa ko gezau. Ta sa hannu ta kaɗe shi.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun bara."

Akwai sauran da ba su shiga wuta ba. Sokhom ta ɗauki ɗaya, ta miƙa wa 'yarta.

"Ji mini wannan," ta ce.