Talabijin ɗin da ke cikin kayan ɗakin Raudatu

Ba'ana ya fara ɗaukar bidiyon biki a unguwar Moduganari tun zamanin kaset, lokacin da fuskar amarya ke fitowa kamar an shafa mata toka. Ya bi faifai, ya koma filas, ɗan ma'ajin bidiyon nan da ake sokawa a kwamfuta, ya sayi kyamarar da ke nuna har zaren mayafi. Abin alfaharinsa shi ne babbar talabijin ɗinsa, wadda maƙwabta ke cika tsakar gida don kallon ƙwallo a cikinta. Kowa ya san tabonta: matarsa Kaltum ta taɓa ajiye kaskon turaren wuta a gindinta, kusurwar hagu ta narke. An daɗe ana tsokanarta a kan haka.

Ranar da ambaliya ta shigo unguwar, ya ɗauki talabijin a ka zuwa benen maƙwabcinsa, Alhaji Mahfuz mai shagon yadi. A bayanta akwai filas a soke, mai jan zare a wuya, inda ya tara duk bidiyon Kaltum. Ita kuwa ciwon da ta kwaso a sansanin 'yan gudun ambaliya bai bar ta ba. Bayan sadakar bakwai ya je karɓar kayansa.

"Malam Ba'ana, ruwa fa har sama ya hau," in ji Alhaji a gaban mutane. "Wallahi ko wayarta ban gani ba."

Ba'ana ya dubi bangon benen, busasshe ƙayau. Ya juya. Muryar Kaltum yake nema, ba gilashi ba.

Da shekara ta zagayo, dangin wani ango daga unguwar Mafoni suka ɗauke shi aiki. Amaryar Raudatu ce, 'yar Alhaji. Ranar jere, ana nuna masa kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba, sai ga talabijin a bango, an rataya mata furen roba a kusurwar hagu. Ya ɗage furen da yatsa. Ga narkakkiyar kusurwar nan; ya kafa mata kyamara.

Bayan biki uwar amarya ta aiko da filas a zuba mata bidiyo. Jan zaren na nan. Ya soka shi a kwamfuta, ya tarar an goge komai. Ya zauna har la'asar ta wuce shi, sannan ya fara aikin da bai taɓa yi wa wani biki da irin wannan kulawa ba.

Ranar kallo, dangi biyu suka cika ɗakin amarya bayan azahar, har da Alhaji a kan kujera. Gwaggon ango, Ya Falmata, ƙawar Kaltum ce tun ƙuruciya.

"Ba'ana, in ka fito da ni da ƙaton hanci, ni da kai ne," ta ce.

"Ya Falmata, injin yanzu ba ya ƙara wa kowa komai. Abin da ke nan shi yake nunawa."

Aka sha dariya. Aka ga lalle, aka ga gado da kwanuka. Sai kiɗa ya ɗauke. Talabijin ta nuna kanta, yatsa ya ɗage fure, narkakkiyar kusurwa ta cika allo, kowane ƙurjin roba a fili. Hoton ya ƙi wucewa.

Ya Falmata ta tashi da kyar, ta je bango ta fizge furen.

"Wannan ƙunar Kaltum ce," ta ce a hankali. "Alhaji, ashe ruwan da ya ci ta nan ya kawo ta?"

"Irinta na saya a kasuwa…"

"Har da tabon suka sayar maka?"

Babu wanda ya yi dariya. Raudatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Ba'ana ya gan ta, ya kawar da kai. Ya riga ya san za ta yi kuka tun yana haɗa bidiyon, kuma bai cire ko daƙiƙa ɗaya ba.

Washegari aka kawo masa talabijin a keke tare da filas ɗin, naɗe da bargo, ba saƙo. Ya rataye ta a mazauninta, ya soka filas ɗin, ya goge bikin gaba ɗaya. Har yau in ka leƙa da yamma za ka same shi zaune a gabanta, allon shuɗi fayau, kaskon turare na hayaƙi a gindinta.